Wasiƙa kan dokar alewa a abincin makaranta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton takardar da makarantar yaran ta aiko, wadda ta hana sa musu alewa, cakulan, lemon gwangwani da gyaɗa a abincin da suke tafiya da shi. Na ga ranka ya ɓaci. Kafin ka je wa shugaban makaranta da zafi, ka sani dokokin nan ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta gyaɗa babu ciniki a cikinta. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan. Gutsure ɗaya daga biskit ɗin aboki, cikin mintuna leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, sai allurar adirenalin da asibiti. Ka lura da man cakulan da ake shafa wa burodi, sau da yawa akwai dangin gyaɗa a ciki.

Ta zaƙi kuwa lissafi ce. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ma ya fi. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun mayar da shi giram: ɗan shekara 4 zuwa 6 kada ya wuce giram 19, ɗan 7 zuwa 10 giram 24. Cokalin shayi ɗaya kusan giram 4 ne. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35, wato ya cinye kason yini har ya ci bashin gobe.

Inda iyaye suka fi faɗawa shi ne musanya. A cire alewa, a sa ruwan 'ya'yan itace na kwali, da yogot mai ɗanɗano, da sandar hatsi da aka liƙe da zuma, a ce an bi doka. Malami ba zai ce uffan ba, amma sukarin yana nan. Ruwan 'ya'yan itace ko tsantsa ne kada ya wuce mililita 150 a rana, don matsewar ta riga ta saki sukarinsa. Ka juya bayan leda ka duba layin sukari a kowane giram 100: sama da giram 22.5 ya yi yawa, 5 zuwa ƙasa kaɗan ne. Sannan ka auna da girman abin. Yogot mai giram 12 a kowane 100, in kofin giram 125 ne, giram 15 ke nan, ko da yake wani ɓangare na madarar ne da kanta. Jerin sinadarai kuma daga mafi yawa yake farawa, in ka ga sukari, gulukos ko zuma a ukun farko, ajiye shi.

Ga haƙori, yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin ɓarna. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cuta suna mayar da shi tsami mai cin haƙori, yawu kuma yana bukatar rabin awa ko fiye kafin ya wanke. Yaron da yake tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya tun safe bai ba bakinsa hutu ba. In makaranta ta yarda da ɗan kek, ya ci shi tare da abinci lokaci guda, ya bi da ruwa. Busasshen inabi ma haka, yana maƙalewa a haƙori.

Abin da za a zuba ba wuya: burodi, shinkafa ko taliya, da ƙwai, kaza ko cuku, da ayaba ko yankakken tuffa, da ruwa. Ɗan ƙasa da shekara 5 a tsaga masa inabi gida huɗu a tsaye saboda shaƙewa. Nama da yogot ba sa jure zafi, a daskarar da gorar ruwa tun dare a sa ta a jakar, kafin tsakar rana ruwan ya narke ya sha.

Da ka je makarantar, ka tambaye su a rubuce: biskit da kek suna cikin hanin ko a'a, kuma me ake yi in an ga abin da aka hana? A ganina ƙwace wa yaro abinci a gaban 'yan ajinsu kuskure ne, ba shi ya zuba ba. A mayar da shi jaka a turo wa iyaye takarda. Ka roƙi kada a zubar da ragowa, ta ita za ka san abin da yake ci. In akwai mai ciwon sukari a cikin yara, dole a bar masa zaƙin gaggawa.

Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Ina jiran amsar da za su ba ka.

Wassalam,
Amininka.