Yarinyar da kuka ce ta faɗi a kacici-kacici ba ta faɗi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan gidan nan. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na ci alli shekaru masu yawa kafin na ajiye, kuma rediyonku ne abokin hirata da dare. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata tambaya da aka yi a shirinku na kacici-kacici. Mai gabatarwa ya ce, idan mutum yana sararin samaniya yana kallon duniya, ta wane ɓangare zai ga tana juyawa, yadda hannun agogo yake tafiya ko saɓanin haka? Wata yarinya ta bugo waya, da jin muryarta 'yar sakandare ce, ta ce yadda agogo yake tafiya. Aka ce mata ta faɗi, aka kashe layi. Wanda ya biyo bayanta ya ce saɓanin agogo, aka tafa masa, aka ba shi katin waya. Ban ji haushin katin da ya ci ba, Allah ya sa masa albarka. Amma yarinyar nan ba ta yi kuskure ba. Tambayar ce ta zo da ƙafa ɗaya.

Don Allah ka aika a sayo maka lemo guda. Ka soke shi da tsinken tsire ya fita ta ɗaya gefen, ka riƙe tsinken a tsaye, ka ɗiga tawada a jikin ɓawon. To, murza tsinken a hankali, ka leƙo ta sama, ka daidaita har ka ga ɗigon yana zagayawa saɓanin hannun agogo. Kada ka sauya murzawar. Ɗaga lemon sama da kanka ka dube shi ta ƙasa. Za ka ga ɗigon nan yana bin hannun agogo sak. Yatsunka ba su sauya komai ba, kai ne ka sauya wurin tsayuwa. Da haka nake koya wa yara wannan darasi, domin ƙwallon taswirar duniya da muke da shi a makaranta ya daɗe da karyewa, kuma bayan an tashi ni nake shanye lemon.

Haka duniya take. Wanda ya tsaya can sama da ƙuryarta ta arewa zai ga tana juyawa saɓanin agogo. Wanda ya tsaya ta wajen ƙuryar kudu, inda ƙanƙarar Antatika take, zai rantse yadda agogo yake tafiya take bi, kuma ba zai yi kaffara ba. Mai gabatarwarku bai faɗi inda mai kallon ya tsaya ba. A sararin samaniya kuwa babu sama babu ƙasa. Sabo ne kawai ya sa muke ɗora arewa a saman taswira. Al-Idrisi, wanda ya zana wa Sarki Roja na Biyu na Sisiliya taswirar duniya a shekarar 1154, kudu ya sa a sama. Shi ma shahararren hoton nan na duniya da 'yan sama jannatin Apollo 17 suka ɗauko a watan Disamba na 1972, wanda Afirka ta fito a cikinsa tar, kudu ce a sama lokacin da aka ɗauke shi. Daga baya aka juya shi don ya dace da abin da ido ya saba. Kai, ko tafiyar hannun agogon da ake awo da ita gado ce daga mutanen arewacin duniya, waɗanda suka kwaikwayi yadda inuwar sanda take zagayawa a ƙasashensu.

Amsar da ba ta sauyawa ko daga ina ka tsaya ita ce, duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas. Wannan kuwa ba sai an hau kumbo ba, duk mai azumi ya san shi a cikinsa. 'Yata tana aure a Maiduguri, ƙanena kuma yana kasuwanci a Sakkwato. Da azumi takan kira shi bayan ta sha ruwa, tana tauna dabino da gangan a kunnensa, tana cewa, "Baffa, har yanzu ba a kira ba a wajenku?" Shi kuma yana zaune gaban kofin kunu yana kallon rana ta ƙi faɗuwa. Tsakaninsu akwai kusan digiri 8. Duniya tana cin digiri 360 a yini da kwana, wato digiri 15 a awa, ko digiri ɗaya cikin minti 4. Ka buga lissafi, rabin awa da 'yan mintoci ke nan. Agogonsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, amma Maiduguri ce take fara shiga haske da asuba, ita ce kuma take fara shiga duhu da almuru, saboda gabas duniya ta nufa. Dalilin da ya sa ke nan muke kallon sallar magariba ta Makka a talabijin alhali mu nan ba a daɗe da idar da la'asar ba. Tsakanin Makka da Kano akwai digiri 31 da ɗoriya, awa biyu da 'yan mintoci.

Gudun ma ba na wasa ba ne. A kan layin Ikwaita, wanda ya raba duniya biyu arewa da kudu, ƙasa tana tafiya kimanin kilomita 1,670 a awa. A daidai Kano, da yake mun ɗan haura arewa da digiri 12, ya ragu zuwa wajen 1,630. Ka ga tazarar Kano zuwa Zariya cikin kimanin minti shida, ba shingen 'yan sanda ba ramuka. Ba ma jin komai domin mu da iska da gidajenmu tare muke tafiya, kuma tafiyar ba ta da burki ba ta da gargada.

Masu harba roka suna cin moriyar wannan gudu. Galibi gabas suke fuskantar da ita don ta tashi da guzurin saurin da ƙasa ta riga ta ba ta, shi ya sa Turawa suka je har Kuru, a yankin Giyana na Faransa da ke Kudancin Amurka, kusa da Ikwaita, suka kafa sansanin harba rokokinsu. Dubi kuma dish ɗin da ke kan rufin gidanka. Tun ranar da mai saiti ya ɗaure shi bai motsa ba, amma hoto bai ɗauke ba sai in hadari ya taso. Tauraron ɗan'adam ɗin da yake kallo yana can nisan kilomita 35,786 sama da Ikwaita, yana zagayawa gabas daidai da juyin duniya, saboda haka mu nan sai mu ga kamar an kafe shi da ƙusa. NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, irin wannan zama yake yi. Da wani zai zauna a kansa ya leƙo, ba zai ga duniya tana juyawa ba ko kaɗan, Afirka za ta tsaya cak a gabansa, dare da rana ne kawai za su riƙa shafe ta suna wucewa. Ka ga amsa ta uku ke nan ga tambayarku.

Sau da yawa nakan ji ana cewa ɗawafi ya yi daidai da juyin duniya, tunda mahajjaci yana sa Ka'aba a hagunsa, wanda ya dubo daga saman bene kuma zai ga jama'a suna tafiya saɓanin agogo. Gaskiya ne, in ta arewa aka leƙo duniyar. Ni dai a ganina ibada ba ta buƙatar a tokare ta da wannan, mun yi ne don haka aka koya mana.

Da so samu ne, da tambayar da aka yi ita ce, wace duniya ce take juyawa saɓanin 'yan'uwanta? Nan akwai amsa tsayayya. Rana da duniyoyi takwas da ke kewaya ta sun samu ne daga wani gajimaren ƙura da iskar gas mai juyawa, shekaru kusan biliyan 4.6 da suka wuce, shi ya sa dukkansu hanya ɗaya suke bi wajen kewaya rana, shida daga cikinsu kuma suna juyawa a kan kansu ta wannan ɓangaren. Yuranus a kishingiɗe take, ta karkace da kimanin digiri 98, tana mirginawa kamar ganga. Amma mai taurin kan gidan ita ce Zahra, wadda muke kira Zara matar wata in ta fito da almuru, Gamzaki kuma in ta fito da asuba. Ita daga gabas zuwa yamma take juyawa, kuma da nawa, domin sai ta ɗauki kwana 243 irin namu kafin ta juya sau ɗaya, alhali kwana 225 ya ishe ta ta kewaye rana. Da mutum zai iya tsayuwa a kanta, kuma da gajimarenta mai kauri zai bar shi ya gani, daga yamma zai ga rana tana fitowa. Na taɓa faɗin haka a aji, wani yaro ya dafe ƙirji ya yi salati, sai da na kwantar masa da hankali cewa maganar wata duniya nake yi, ba tamu ba. Nan ma sai an kula, domin ita kanta Zahra in ka leƙo ta daga kudu, saɓanin agogo za ka ga tana yi. Abin da ya tabbata shi ne ta bambanta da sauran, ta ko'ina ka duba.

Ban rubuto don in ci gyaran mai gabatarwa a bainar jama'a ba. Na san daga littafi ko intanet ya ɗauko amsar, kuma littattafan da yawa haka suke rubutawa, su manta da ƙara cewa "in an duba daga arewa". Abin da ya dame ni shi ne muryar yarinyar lokacin da ta ce "to, na gode". Na san irin wannan murya, na sha jin ta a aji, kuma mai ita ba ya sake ɗaga hannu sai an yi da gaske.

Roƙona biyu ne. A shiri na gaba a maimaita tambayar, a faɗi inda mai kallo ya tsaya, in da hali a shigo da lemo da tsinke ɗakin watsa shirin, mai gabatarwa ya gwada da hannunsa ya faɗa wa jama'a abin da ya gani. Sannan a duba lambobin da suka kira a daren, a nemo yarinyar a aika mata da katinta. In kasafin shirin bai kai ba, a sanar da ni, zan biya daga kuɗin fanshona in ya shigo.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin labarin ƙasa, daga Zariya