A Amurka bindiga ta zama hular jam'iyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina so in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da kuka watsa makon jiya game da bai wa talakawa damar mallakar bindiga. Ɗaya daga cikin baƙinku ya ce mu yi koyi da Amurka, inda kowa ke da tasa. Ban ga laifinsa ba. Wanda aka kore wa shanu, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba ya son jin kalmar haƙuri. Sai dai ya ba mu rabin labarin Amurka ne, ya bar rabin da ya fi shafar mu.

Gaskiya ne bindiga ta yi yawa a can. Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2018 ya ce akwai kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Amma ba kowa ke da ita ba. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kusan kashi 32 cikin ɗari na manya ne suka mallaka, kuma da aka raba su ta jam'iyya sai aka ga kashi 45 na masu goyon bayan Republican suna da ita, na Democrat kuwa kashi 20 ne. Yadda mutumin Kano zai hango jar hula daga nesa ya san inda mai ita ya dosa, haka Ba'amurke ke kallon hoton bindiga a bayan motar maƙwabcinsa ya san wanda zai zaɓa.

Abin har ya wuce nan. A Disambar 2021 ɗan majalisar wakilai Thomas Massie ya wallafa hoton gaisuwar Kirsimeti, shi da matarsa da 'ya'yansa kowa riƙe da bindiga, kwanaki kaɗan bayan wani ɗalibi ya harbe 'yan uwansa ɗalibai huɗu har lahira a wata makarantar sakandare a Michigan. Ba ɓarayi yake yi wa gargaɗi ba, masu ƙuri'a yake yi wa magana. A zaɓen 2024 kuma, da Kamala Harris, 'yar takarar shugaban ƙasa ta Democrat, ta so ta nuna ba ta ƙin masu bindiga, sai da ta fito ta ce ita ma tana da bindiga ƙirar Glock a gida. Makamin da aka ce na tsare gida ne ya koma katin shaidar siyasa.

Ba haka aka faro ba. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda yau 'yan takara ke tsoron saɓa mata, an kafa ta ne a 1871 don koya wa mutane iya saiti. Sai a taronta na Cincinnati a 1977 masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace shugabancinta suka mai da ita rumbun siyasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1967. Da 'yan ƙungiyar Black Panther, masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, suka shiga ginin majalisar jihar Kalifoniya da bindigoginsu, wanda doka ta halatta musu a lokacin, ba a yi wata uku ba aka yi dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a. Wanda ya sa mata hannu shi ne gwamna Ronald Reagan, gwarzon 'yan Republican. Ashe haƙƙin riƙe bindiga yakan canza kama idan hannun da ke riƙe da ita ya canza.

Da zarar abu ya zama tutar jam'iyya, gyara shi sai an sha wuya. An kashe yara 20 a makarantar Sandy Hook a 2012, majalisar dattawa ta kasa ko da faɗaɗa binciken masu saye. Sai da aka sake kashe yara 19 da malamai biyu a Uvalde a 2022 aka samu wata 'yar doka. A 2021 kaɗai mutum fiye da dubu 48 suka mutu ta hanyar bindiga, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wannan lissafin baƙonku bai kawo shi ba.

To mu dawo gida. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, za a raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19, kuma hafsan hafsoshin tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Aminu Masari ma ya yi irin wannan kira a Katsina. Na yarda wuya ce ta sa, ba ƙeta ba. Amma sauran watanni ƙalilan a yi zaɓe aka yi shelar ta Zamfara. Mu da muka ga yadda ake rabon taki da babura da kujerar Makka, wa zai ce mana fom ɗin bindiga ba zai bi ta gidan shugaban jam'iyya na mazaɓa ba? Mun san abin da 'yan kalare da sara-suka suka yi da adda da gora kawai. Mun kuma ga yadda 'yan sa-kai, da suka fara da niyyar kare ƙauyukansu, suka riƙa yanke hukunci a kasuwa bisa ƙabilar mutum, gobarar da har yau ba ta mutu ba.

Mahaifina ya riƙe bindigar toka shekara da shekaru don farauta da korar birai daga gona, kuma ba wanda ya taɓa gane jam'iyyarsa ta dalilinta. Ina roƙon ku sake gayyato baƙon nan, ku haɗa shi da wani daga rundunar 'yan sanda da wani mai unguwa, ku tambaye su: idan aka buɗe ƙofar lasisin, wa zai riƙe jerin sunayen, kuma wa zai karɓe bindigogin ranar da mulki ya koma hannun 'yan adawa?

Na gode.

Naku,
Mai sauraronku daga Gusau