Makarantar unguwarmu a Agege: kowa na da ta cewa, amma wa ya taɓa shiga?

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wata firamaren gwamnati da ke unguwarmu a nan Agege, Legas. Ba zan kama sunanta ba, ba tonon silili na zo yi ba, 'ya'yana biyu ma a ciki suke. Ni tela ne, shagona na kallon get ɗin makarantar, yunifom ɗin yara da yawa ni ke ɗinkawa, to ka san shagon tela majalisa ce, duk uban da ya zo karɓan ɗinki sai ya zauna a benci ya amayar da abin da ke cikinsa kafin in gama sa maɓalli. Don haka ra'ayin iyaye kan makarantar nan na sha shi har na ƙoshi.

Masu kuka sun fi yawa, kuma wallahi wasu kukan nasu gaskiya ne. Aji ya cika maƙil, bencin da aka yi wa yara biyu sai ka ga huɗu a kai kaman lodin motar haya ta danfo, in aka shiga watan Yuni da Yuli ruwa ya sauko filin makarantar sai ya koma tafki, yara su cire sandal su riƙe a hannu su ratsa, bayan gida kuwa 'yata ta ce gara ta matse har a tashi. Wannan ba mai musu. Sai maganar kyauta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, kuma tsakani da Allah ba a taɓa karɓan kuɗin makaranta a hannuna ba, amma yunifom da sandal da safa da littafin rubutu da kuɗin tara duk a wuyan uba suke, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yadin da nake sarowa ya tashi, ni ma dole na ƙara, iyaye su zage ni su zagi makaranta a lokaci guda.

Akwai wani dattijo haifaffen Agege da ke zuwa hira, shi kullum zancensa zamanin Jakande. Ya ce kafin Jakande ya hau gwamnan Legas a 1979 karatu kashi-kashi ake yi, 'yan safe su tashi 'yan rana su shiga, shi ya zo ya soke wannan ya zuba ajujuwa ko'ina, har ana masa ba'a wai akurkin kaji ya gina, amma a akurkin nan aka yi karatu. In ya fara ba ya tsayawa, ni dai in ta taka keke ina cewa haka ne Baba.

Wata Hajiya mai abinci kuma ta shigo mun a fusace wai ta leƙa ta taga ta ga malamar ɗanta na ta danna waya a gaban aji. Da ƙyar na fahimtar da ita ba waya ba ce, kwamfutar hannu ce da gwamnatin jiha ta fara raba wa malaman firamare tun 2019 a shirin da ake kira EKOEXCEL, darasin ranar a ciki yake, kuma da ita ake gane malami ya zo aiki ko bai zo ba. Ni shaida ne a nan, ƙarfe bakwai nake buɗe shago, yawancin malaman nan kafin a buga ƙararrawa sun shige, wasu daga nesa suke shan go-sulo su zo. Wasu kuma abin da ke cinsu shi ne ana koya wa yara Yarabanci, tunda dokar jiha ta 2018 ta sa shi dole a makarantu. Ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan, a ƙasar mutane muke, kuma yaranmu da ma a layi suka iya shi, in na je kasuwa da 'yata ita ke mun ciniki a rage mana. Abin da ya fi ci mun rai shi ne yarinyar ba ta iya karanta Hausa ba, kuma wannan ba laifin makaranta ba ne, ba wanda ya hana mu sa awa ɗaya ta Hausa a Islamiyyarmu ranar Asabar.

Masu ɗan hali sai su ce sun cire nasu sun kai makarantar kuɗi. Akwai masu kyau ban musa ba, amma wasu ɗaki uku ne a gidan haya, an ɗaura wa yaro nakatayi an koya masa waƙar Turanci, uba ya ji daɗi ya ce karatu ya zauna, zango biyu kuɗi ya gagara a koro yaro, sai ga shi an dawo wajena a ɗinka yunifom ɗin gwamnati. Na ɗinka wa yaro ɗaya kala uku a shekara biyu.

To Edita, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani aminina mahauci a kwatar Oko-Oba, ya fi kowa zafi, ya ce ɗansa na aji huɗu ya miƙa masa rasit ɗin haya ya karanta yaro ya tsaya yana kallonsa, ya ce makarantar banza ce. Maganar ta tsaya mun a rai, sai da aka kira mitin ɗin iyaye zangon da ya wuce na rufe shago na shiga, kuma ni ma kada in wanke kaina, shekara biyar ina kallon get ɗin nan ranar ne na fara zama a mitin. Wuri ya cika da iyaye mata Yarabawa da Ibo, wata da goyo wata ta baro shagonta, suna ta ɗaga murya kan bayan gidan nan da rufin da ke yoyo har sai da aka rubuta. Na waiga na ƙirga namu, mu huɗu ne, a makarantar da in aka tashi ko ta ina Hausa kake ji.

Da aka watse shugabar makarantar ta kira ni ofis, ta ce Malam zo ka gani, ta buɗe mun rajista. Kunya kaman in nutse. Sunayen yaranmu ne layi-layi ba su zo ba, wani sati uku wani wata biyu. An tafi gida Babbar Sallah ba a dawo ba sai da aka ga dama, an tafi biki Katsina da yara gaba ɗaya, an tura yaro ƙauye taya noma ana tsakiyar zango na uku bai yi jarabawa ba, makaranta ta koma a Satumba shi sai bayan an yi girbi, ga 'yan mata da ba sa shigowa sai sun sayar da tallan safe. Ɗan aminin nawa yana ciki, kusan zango guda cur yana Arewa. Ta tambaye ni ta yaya malama mai cikakken aji za ta koma baya saboda yaro ɗaya, kuma in ya kai aji shida jarabawar shiga sakandare da jiha ke yi ba ta san ya je Sallah ba. Ba ni da amsa, sai na ce a yi haƙuri. Laifi tudu ne dai.

Na san muna da uzuri. Mai sayar da tumatir ko albasa a kasuwar Mile 12 tun kafin asuba ya fita, mahauci haka, matanmu kuma da yawa ba sa jin Turanci, mitin ɗin ma rabi da Yarabanci ake yi, mace ta zauna awa biyu ba ta san me ake cewa ba gobe ba za ta dawo ba. Wannan kam makaranta ya kamata ta duba, ko takardar gayyata ce a samu mai faɗa da Hausa. Na ce mata ni zan riƙa yin tafinta kyauta, ta yarda, ta kuma ce kwamitin SBMC da ke haɗa makaranta da mutanen unguwa ba Bahaushe ko ɗaya a cikinsa. Ina roƙon fadar Sarkin Hausawan Agege da limamanmu, yadda ake sanar da ɗaurin aure bayan sallar Juma'a a riƙa sanar da ranar komawa makaranta da ranar mitin, kuma a samo mana mutum biyu, namiji da mace, su shiga kwamitin nan.

Aminin nawa da na gaya masa abin da na gani a rajista kwana uku bai leƙo shago ba, na huɗu ya zo da wandon yaron a sake masa zik, ya ce in an sa ranar mitin in buga masa waya zai bar wa yaronsa teburi ya zo, amma fa shi maganar bayan gidan nan zai fara tayarwa. Na ce ya zo ɗin, ni zan fassara.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani tela daga Agege, Legas