Nura, na zana Charizard da hannuna

Gusau, Jihar Zamfara

Assalamu alaikum Nura, mutumina. Ya Alƙahira, ya karatu, ya kewar gida? Mu nan lahiya lau alhamdulillahi, hunturu ne dai ya sauko da ƙarfinshi, ƙura ta ko'ina, leɓe duk ya tsage.

Albishirinka, na koma zane. Ƙanena Sadiƙu ne ya shigo da katunan Pokémon, wasan halittun katun ɗin nan na Japan, irin waɗanda munka riƙa musaya bayan aji, jabu ne kam, da ka taɓa ka san takardar ba ta da kauri kuma jan ya yi yawa, amma cikinsu akwai Charizard, dodon nan mai fukafukai da wuta a wutsiya, ina ganinshi na ji hannuna na ƙaiƙayi. Sai na shiga intanet na nemo hoton na asali, wanda ya fito a Japan a 1996 kafin a buga na Turanci a 1999, mai HP (makin rai) 120 ɗin nan da harin Fire Spin mai cin maki 100. Ka duba ƙasan katin da kyau za ka ga sunan wanda ya zana shi da ƙananan baƙaƙe, Mitsuhiro Arita. Wallahi abin ya burge ni, kati ɗan mitsitsi milimita 63 da 88 amma sai da sunka ba mai zane wurinshi.

Ban ɗora takarda kan waya na bi layi ba, ban kuma kwafi tsayuwar da Arita ya yi mashi ba, don in haka ne mi na yi kenan? Nawa na tsai da shi bisa dutsen Kwatarkwashi, ya juyo da wuya yana kallon ƙasa, hazo a bayanshi. Kayan aikin ba wasu ba ne, kwali fari da na yanka da reza, fensir HB da 2B, kilina, baƙin biro, sai fensiran kala na 'yan makaranta.

Fukafukin ne sunka fi cin lokaci. In ka zana su daga ka kawai sai su fito a sandare ba rai, shi ya sa na riƙa zama gindin bishiya da magariba ina kallon jemagu in sun tashi, a nan na gane ashe fiffiken hannu ne, ga gwiwa, ga yatsu dogaye sun bazu, fata ta miƙe tsakaninsu, tana ɗamewa kusa da ƙashi tana saki a tsakiya. Da na dawo na fara ja ƙasusuwan tukuna sannan na shimfiɗa fatar, nan take ya zama abin da zai iya tashi. Wuya da farata kuma jan gwada na kalla a kan katangarmu, yadda yake ɗaga kai fatar maƙoshi ta tattare. Wani abu kuma, mutane na zana shi ƙato ya fi gida, alhali a lissafin masu Pokémon tsayinshi mita 1.7 ne, nauyi kilo 90.5, tsawon mutum kenan, don haka na rage shi na bar dutsen ya yi girmanshi.

Sai wuta, ta bakin wutsiya. Nura ba a zana wuta da ja! Tsakiyarta farar takarda kake bari ba ka taɓa ba, ka zagaye da rawaya a hankali, sannan ruwan lemu, ja sai can baki-baki, kuma duk da haka ba za ta haska ba sai ka duhunta abin da ke kewaye da ita. Na bi bayan da 2B ina murzawa da ɗan yatsa, ina yi ina ganin wutsiyar na kamawa a gabana. Na kuma ɗan shafa rawaya ƙarƙashin fiffike da gefen cinya inda hasken zai faɗa. Biro shi ne na ƙarshe, a hankali, da 'yar takarda ƙarƙashin hannu don kar tawada ta goge.

Wani abokin aikinmu ya gani ya ce mi ya kai ni wahala, AI na yi mani wanda ya fi shi cikin minti guda. Ban yi musu ba, zai fito da sheƙi. Amma ni yanzu in ka tashe ni daga barci na san ƙahoninshi biyu a ƙeya suke, na san faratan hannunshi uku-uku ne, na san inda farin tumbinshi ya gangara har ƙasan wutsiya, kuma da can shekara da shekaru ina riƙe da katin ban lura da ko ɗaya ba. Wannan sanin nake so.

Inna dai ta ce zanen mai rai ne, kar in manna shi a ɗakin da ake salla, na bi maganarta, shina cikin fayil. Na sa sunana a ƙasa yadda suke yi, na rubuta cewa halittar ta Pokémon ce, kuma ba na sayarwa ba ne, Sadiƙu ya riga ya ce nashi ne.

Alfarma guda nake nema. Cikin fiffiken launinshi tsakanin shuɗi da kore ne, kuma ba ni da shi, haɗawa nake yi yana fitowa da dauɗa-dauɗa. In akwai mai tahowa gida ka aiko mani da fensiran kala masu kyau da takardar zane mai kauri, ka faɗa mani kuɗin in tura. Zan ɗauki hoton in sa maka a WhatsApp da rana ta fito, ka duba wuyan ka gaya mani gaskiya in ya yi tsawo. Na gaba Blastoise ɗinka ne, kunkurun nan na Pokémon, in sha Allahu.

Su Inna na gaishe ka, Sadiƙu ma. Ka gaida 'yan ɗakinku.

Naka,
Bashar