Sanarwa kan ziyararmu ta wuraren tarihi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tafiyarmu ta matso, ga abin da nake roƙo.

Wuri biyu a rana ya ishe mu. Wanda ya ce sai ya ga gidajen tarihi biyar kafin magariba, hotuna kawai zai koma da su. A bincika ranakun buɗewa tun yanzu, domin da yawansu ba sa buɗewa ranar Litinin.

Abin da ya fi damuna shi ne taɓa kaya. Don Allah kada a shafa bango, kada a jingina da shi, balle a rubuta suna. Gumin hannu da maiƙonsa na cin tsohon zane a hankali. Ku duba kogon Lascaux na Faransa: an gano shi a 1940, aka buɗe wa jama'a a 1948, amma numfashin maziyarta da ɗumin jikinsu suka fara lalata zanen, dole aka rufe shi a 1963. Numfashi kaɗai fa!

Inda aka hana kunna fitilar kyamara, a kashe ta. Masu zuwa da yara, a riƙe hannunsu. Mai tambaya ya tara wa ɗan rakiya, aikinsa ke nan.