Kun sa masu ciwon daji jiran gwajin da bai iso ba

Assalamu alaikum, Edita.

Shirinku na lafiya na rediyo na daren Talatar nan ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma ba zan ɓoye muku ba. Kun kawo baƙo ya zauna yana ta yi wa jama'a albishir, wai nan gaba kaɗan mutum zai tofa yawu a kwalba a gaya masa ko yana da daji a baki ko a maƙogwaro, har a gaya masa ko ciwon zai dawo bayan magani. Mai gabatarwa kuwa sai kabbara take yi. Ba ta tambaye shi wane asibiti ake yi a ƙasar nan ba, ba ta tambayi kuɗinsa ba, ba ta ce masa yaushe ba. Haka aka rufe shiri, aka bar mutane da murna.

To ga abin da murnar ta haifar. Maƙwabcinmu, magidanci mai sayar da hatsi, yana da ƙullutu a gefen wuya tun kafin azumi. Da fari an ce kaluluwa ce, aka yi ta shafe-shafe, bai saɓe ba sai ƙara tauri da yake yi. Da ƙyar da siɗin goshi muka shawo kansa ya yarda a yanki ɗan nama a kai gwaji, domin shi ma yana cikin masu cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya bazu. An ba shi rana. Washegarin shirinku ya tare ni a ƙofar masallaci yana fara'a, ya ce Malam ka ji rediyo jiya? Ai ba sai an yanka ni ba, zan jira na yawun. Ranar da aka ba shi ta zo ta wuce, bai je ba. Kun sa bawan Allah ya saki reshe ya kama ganye.

Na sa ɗan ƙanwata mai karatun likita ya nemo mini binciken da baƙonku ya jingina da shi, na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, wanda aka buga a 2015. Mutum 93 aka yi wa, kuma dukkansu an riga an tabbatar suna da ciwon. Sai da masu binciken suka fara duba naman ƙarin da kansa, suka gane irin sauyin da ya samu a DNA ɗinsa, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, ko ƙwayar cutar HPV mai haddasa wasu nau'o'in daji da ke cikinsa, sannan suka bi sawun wannan alamar a yawu da jini. Wato yankan naman da maƙwabcina yake gudu shi ne matakin farko. Kuma a dajin cikin baki ne aka ga alamar a yawun kowa da kowa. Wanda ya yi ƙasa can cikin maƙogwaro ko akwatin murya, yawu ya nuna shi a kashi 47 zuwa 70 cikin ɗari kacal, sai an haɗa da jini. Me ya hana baƙonku faɗin wannan? Batun hasashen dawowar ciwo ma, abin da aka gani shi ne idan an gama magani amma DNA na HPV16, wani nau'in ƙwayar HPV ɗin, ya ci gaba da fitowa a ruwan kurkurar baki, haɗarin dawowarsa ya fi yawa. Aiki ne mai kyau, Allah ya ba su sa'a, amma na masu bincike ne har yanzu, kuma na wanda aka riga aka yi wa magani.

Ni na san ciwon nan a cikin gidanmu. Yayana direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana shan sigari, yana kuma dasa garin taba a ƙasan leɓe don kada barci ya ɗauke shi a hanya. Wani ɗan miki ya fito masa a gefen harshe, fari-fari, ba ya ma zafi sosai. Mai kemis ya ce zafin ciki ne, ya ba shi maganin kurkura. Wani ya ce haƙori ne ke gogarsa. Kafin ya ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, harshen ya yi nauyi, magana ta fara sarƙewa. Aka yi aiki, aka yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, aka tura mu wani gari neman injin gashin daji, muka tarar ya lalace, muka sayar da gona muka nufi wani. Yau yana raye, alhamdu lillahi, amma gashin ya busar da bakinsa ƙayau. Duk inda za shi da gorar ruwa a aljihu. Tuwo ba ya wuce masa sai an dama shi da miya ya koma kamar kunu, burodi kuwa ya haƙura da shi. Da dare yakan farka harshe ya manne da ganɗa. Da wani ya gaya masa tun mikin yana ƙarami cewa wannan abin gudu asibiti ne, da wahalar ba ta kai haka ba.

Wannan ita ce maganar da ya kamata ta cika shirinku. Miki a baki da ya wuce mako uku bai warke ba, dashewar murya da ta ƙi tafiya, ƙullutu a wuya, wahalar haɗiya, toshewar hanci ɓangare guda tare da haɓo: duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya je a duba shi yanzu. Ku gaya wa mutane ƙarara cewa yankan ɗan nama don gwaji shi ne hanyar gane ciwon, kuma jinkiri ne yake kashewa. Ku yi maganar sigari da garin taba da barasa. Ku tuna wa iyaye cewa tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ban ji a bakin baƙonku ba.

Ina neman ku dawo da shi, ko ku kawo likitan da yake ganin masu ciwon nan kullum a asibitocinmu, a gyara maganar a fili, a lokacin da kuka saba, don irin su maƙwabcina su ji da kunnensu. Ni na yi masa magana har na gaji, ya ce rediyo ta fi ni sani.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Kullum sai ku ce a kira, mutum ya kira ya ji ana ta ƙara ba a ɗauka, kati ya ƙare idan an ɗauka an ajiye shi yana jira, kuma muryoyi uku zuwa huɗu ɗin nan dai su ne ke shiga kowane mako suna gaishe-gaishen 'yan uwa. Mu na ƙauye ma muna da tambayoyi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga ƙaramar hukumar Funtuwa, Jihar Katsina