Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni batun metanol

'Yata, assalamu alaikum.

A taron gabatar da bincike na sashenmu kin miƙe kin tambaye ni: tunda metanol yana kwaso kusan komai daga jikin tsiro, me zai hana a riƙa jiƙa kowane samfuri a cikinsa a huta? Lokaci ya ƙure mana ranar, kuma na san tambayar tana cin 'yan ajinku da dama, shi ya sa na rubuto amsar a fili.

Kwaso komai ɗin nan shi ne matsalar. Aikinki a kan ƙwayar darbejiya ne, kina neman azadiraktin, sinadarin da ke hana ƙwari cin amfanin gona. Ƙwayar cike take da mai. In kika zuba mata metanol kai tsaye, abin da kike nema zai fito cakuɗe da maiƙo da sauran tarkace, ki tashi da baƙin danƙo a gindin kwalba, wanda tace shi sai ya cinye miki zangon karatu. Fara wanke garin da heksan. Shi da mai ake ɗasawa, zai ɗebe man ya bar miki azadiraktin a cikin tunkuzar. Daga nan ki bi ta da etanol.

Sai batun zafi, wanda ɗalibai suka fi sakaci da shi. Duk abin da kika jiƙa da shi dole ki kore shi daga baya ta hanyar dumama shi. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, etanol 78, heksan wajen 69, eta kuwa 35. A ƙasar Sin, masaniyar magunguna Tu Youyou da abokan aikinta sun daɗe suna tatsar ganyen Artemisia annua, dangin tazargade, ba sa samun sakamako tsayayye. Ta zargi zafi da lalata maganin, ta koma amfani da eta a 1971, aka samu abin da ya kai ga atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha yau. Lambar yabo ta Nobel ta biyo baya a 2015.

Amma kada ki ji wannan ki ruga neman eta. A bazararmu zafin ɗakin gwaji kansa yakan wuce digiri 35 ɗin da eta ke tafasa a kai, ga ta da saurin kama wuta kamar fetur.

Abin da ya fi damuna shi ne inda tatsaccen naki zai ƙare. Kin ce a wake za a gwada shi, wake kuwa bakin mutane yake zuwa. Metanol kaɗan yana makantarwa, yana kuma kisa. Don Allah, abin da zai taɓa abinci ki tsaya a etanol ko da ya fi tsada.

Kafin ki sayi lita ko ɗaya, auna garin giram biyu-biyu a ƙananan kwalaben gwaji, jiƙa su da heksan, etil asitet da etanol daban-daban, ki ɗiga kowanne a farantin TLC, wato farantin da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri. Ki kawo min farantan ofis mu duba tare.

Naki,
Malaminki na sinadarai